NSRL ko VirusTotal: wanne zai nuna maka fayil na asali?

Wani ɗan uwa a zauren nan, mai shagon gyaran kwamfuta a Samaru, ya kawo tambaya. An kawo masa laftof ɗin da ake zargin an cusa mata wani abu, fayiloli ba sa ƙirguwa, yana so ya ware na Windows da Office na asali daga waɗanda ba a san daga inda suka fito ba. Wani ya ce masa ya nemi NSRL, wani ya ce VirusTotal ya wadatar. Wanne zai bi?

Malam, duka biyun da lambar hash suke aiki, amma kowanne da tambayar da yake amsawa. Lambar hash kamar zanen yatsan fayil ce: ana lissafa ta daga abin da ke cikinsa, ba ruwanta da suna ko kwanan wata. Ka canja wa fayil suna sau goma, lambar tana nan. Ka taɓa harafi ɗaya a ciki, ta rikiɗe gaba ɗaya. Tsawonta ke nuna irinta: MD5 harafi 32, SHA-1 harafi 40, SHA-256 harafi 64.

NSRL taskar lambobin hash ce ta NIST, hukumar ma'auni da fasaha ta gwamnatin Amurka. Suna tattara manhajoji, su buɗe su, su lissafa lambar kowane fayil, su rubuta manhajar da ya fito daga cikinta da kamfanin da ya yi ta. Jerin da suke fitarwa ana ce masa RDS, sau huɗu a shekara, kyauta, an raba shi gida-gida: na zamani, na tsofaffin manhajoji, na Android, na iOS. Tsarinsa na yanzu fayil ne na SQLite (wani nau'in rumbun bayanai), ɗauke da SHA-256 da SHA-1 da MD5. Idan lambarka ta fito a ciki, abin da aka gaya maka kawai shi ne fayil ɗin nan sananne ne, daga manhaja kaza ya fito.

VirusTotal, shafin intanet da Google ta saya a 2012, wata hanya ya bi. Ka ba shi lamba, ya duba ko wani ya taɓa ɗora fayil mai wannan lambar, ya nuna maka hukuncin da manhajojin kashe ƙwayar cuta wajen 70 suka yanke a kansa. Shi zargi yake bibiya.

Yawan fayiloli ne ke raba gardama a aikinka. Makullin VirusTotal na kyauta, wato lambar izinin da manhaja ke tura masa tambaya da ita, yana ba ka tambaya 4 a minti, 500 a rana. In laftof ɗin na da fayil 100,000, kwana 200 ke nan kana tambaya, mai ita kuwa gobe zai dawo. NSRL ba shi da wannan ƙaidi, domin a kan kwamfutarka yake zaune. Ko da sabis ya ɗauke aiki na tafiya. Kuɗinsa a data da wurin ajiya ake biya. Gigabayit ne masu yawa, in an buɗe ya ƙara kumbura, kuma in wuta ta katse ana tsakar saukewa sai ka ƙare da fayil rabi. Ka ɗauki ƙaramin bugun da suke kira minimal, ka sauke sau ɗaya inda intanet ke da ƙarfi, ka ajiye a had disk na musamman.

Akwai ta uku da ba a gaya maka ba, kuma ga mai shago ita muka fi so: hashlookup na CIRCL, cibiyar tsaron kwamfuta ta ƙasar Luksambog. Ya haɗa NSRL da lambobin wasu manhajojin, har da na Linux. Ana tambayarsa ta intanet a hashlookup.circl.lu/lookup/sha256/ ka liƙa lambar a ƙarshe. Suna kuma ba da matatar Bloom, wato jerin lambobin a dunƙule cikin fayil ɗaya, wadda ta fi RDS ƙanƙanta nesa ba kusa ba, tana aiki ba intanet, da lambar SHA-1. Halinta shi ne: in ta ce ba ta san fayil ba, to tabbas ba ya cikin jerin, in ta ce ta sani, jefi-jefi takan yi kuskure.

Kafin ka tambayi kowa, yadda ka fitar da lambobin ma yana da muhimmanci. Kada ka lissafa su a kan Windows ɗin da kake zargi yana kunne, don muguwar manhajar da ta shiga can ƙasa tana iya ɓoye fayilolinta ko ta miƙo maka na ƙwarai a madadinsu. Cire had disk ɗin ka jona a taka kwamfutar ta adafta, ko ka tayar da laftof ɗin da Linux daga filash. A PowerShell, wurin rubuta umarni na Windows:

Get-ChildItem E:\Windows -Recurse -File | Get-FileHash -Algorithm SHA256 | Export-Csv hash.csv

A Linux kuwa:

find /mnt/disk -type f -exec sha256sum {} + > hash.txt

Wanda bai son rubuta umarni ya ɗauki Autopsy, manhajar binciken had disk, kyauta ce, tana da sashen Hash Lookup da ke yi wa sanannun fayiloli alama ta kawar maka da su daga gani. Abin da ke yawan kayar da mutane ƙarami ne: sha256sum na fitar da ƙananan haruffa, Get-FileHash da NSRL manya. In ka gwama su haka ba ka daidaita ba, ko ɗaya ba zai dace ba, sai ka ɗauka duk kwamfutar ta ruɓe. Haka nan fayil ɗin da ba komai a cikinsa lambarsa ɗaya ce a duk duniya, SHA-256 ɗinsa na farawa da e3b0c442, don haka dacewarsa ba ta nufin komai.

Sananne ba ya nufin amintacce. NSRL na ɗauke da kayan kutse ma, tunda su ma manhajoji ne da aka buga. Kuma powershell.exe da certutil.exe na Microsoft ne tsantsa, lambarsu za ta dace, amma ɓarayi na aiki da su kullum. Shi ya sa ake duba inda fayil yake zaune: sanannen fayil a cikin folda ta Temp ko Startup abin tsayawa ne a kai. A 2017 an cusa wa CCleaner 5.33, manhajar share kwamfuta, ƙofar baya ta masu kutse tun daga wurin masu ita, ta fito da sa hannunsu, wato hatimin dijital da kamfani ke yi wa fayilolinsa. Lambarta daidai take da abin da kamfanin ya raba. Ta ɓangaren VirusTotal, sifili cikin 70 na iya nufin ba a gano abin ba tukuna, sannan in ya ce bai taɓa ganin lambar ba, bai wanke fayil ɗin ba.

A nan ne mutane ke danna maɓallin ɗorawa. Tambaya da lamba ba ta fitar da komai daga cikin fayil. Ɗorawa kuwa tana miƙa shi ga masu binciken da ke biyan kuɗin shafin. Furojet ɗin ɗalibar ABU, takardun ofis, hotunan iyali, duk amana ne a hannunka. Kada ka ɗora. Fayil mai .exe ko .dll da ba na mai kwamfutar ba ne, wannan babu laifi.

Rashin dacewa da NSRL ma ba hukunci ba ne. Microsoft na sakin gyare-gyare Talata ta biyu a kowane wata, NSRL kuwa sai bayan wata uku, saboda haka sababbin fayilolin Windows na ƙwarai da yawa za su zube cikin tulin da ba a sani ba. Maganinsu duba sa hannu da sigcheck na Sysinternals, kayan aikin Microsoft: sigcheck -u -e -s E:\Windows\System32 zai jero maka marasa sa hannu. In ka ƙara -v yana tambayar VirusTotal da lamba kaɗai. Amma -vs shi ke ɗora fayil, a kiyaye.

Batun wace lamba: MD5 an nuna karyewarta a 2004, SHA-1 a 2017 lokacin da Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fito da PDF biyu daban masu lamba ɗaya. Wannan ɓarakar ta wanda ya ƙera fayilolin biyu da kansa ce; ƙera wanda zai dace da fayil ɗin Microsoft da ya riga ya wanzu aiki ne daban da har yanzu bai yiwu a aikace ba. Don tankaɗe suna yi, don rahoto ko shaida ka riƙe SHA-256.

Jerin aikin ke nan: tankaɗe da NSRL ko matatar CIRCL, duba sa hannu a abin da ya saura, sannan ka kai ragowar ga VirusTotal, ka fara da masu tashi tare da kwamfuta. Ka sa ran a laftof ɗin da aka loda wa Office ko CorelDRAW ko AutoCAD da aka fasa wa makulli, ragowar za ta yi yawa. Fayil ɗin da aka fasa ba zai taɓa dacewa da na asali ba, VirusTotal kuma yakan yi masa ja ko da akwai cuta ko babu, don haka lamba ba za ta raba maka su ba. A irin wannan ka kwashe wa mai ita takardunsa, ka goge, ka loda Windows sabo daga fayil ɗin loda Windows da ka sauke a shafin Microsoft, bayan ka gwama SHA-256 ɗinsa da wanda suka wallafa.