Sipikar hagu ta yi ƙasa: yadda na ga gyaran kayan sauti a Holan

'Yan uwa, masu ganin komai na Turai a sauƙaƙe yake, ku saurara. A nan Holan sayen sabon kaya ba wuya, amma gyaran tsoho sai mai haƙuri. Dokar Tarayyar Turai ta ba mai saye garanti na aƙalla shekara 2, amma idan kayanka ya tsufa sosai, kai da aljihunka ne.

Sipikar hagu ta falona ce ta yi ƙasa, ta dama na cika ɗaki ita kuwa kamar mai raɗa. Na ɗauki amfilifaya, na'urar da ke ƙarfafa sauti ta tura wa sipiku, na kai wani shago. Saurayin da ke wurin ko jona ta da wuta bai yi ba. Ya leƙa bayanta, ya ce kuɗin dubawa kawai ya kusa na sabuwa, kuma sai na jira makonni. Ya nuna mini layin sababbi da yatsa, ya juya ga na bayana. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Nan take na tuna masu gyaranmu na gida, waɗanda ba a kai musu abu su ce ya mutu ba tare da sun buɗe cikinsa ba.

Wata maƙwabciya ce ta tura ni Repair Café, taron 'yan sa-kai masu gyara kyauta, wanda aka fara a Amsterdam a 2009. Ta ce in tafi da komai, har wayoyin. Can na samu wani dattijo, kuma aikinsa ne ya sa ni wannan rubutu.

Bai taɓa sukundireba ba tukuna. Ya fara duba makunnin balans, mai raba sauti tsakanin hagu da dama, ya ga yana tsakiya. Ya sa sautin a mono don duka biyun su fitar da abu ɗaya. Sannan ya kashe amfilifaya, ya musanya wayoyin sipikun a bayanta, na hagu ya koma dama. Ya ce idan raunin ya tsaya a sipikar da ta saba, laifinta ne ko na wayarta. Idan ya koma ɗayar, matsalar daga amfilifaya take ko daga abin da ke ba ta sauti. Ya kunna, raunin ya yi ƙaura. Sai ya musanya wayoyin shigar sauti, masu kai ja da fari. Wannan karon bai motsa ba. Ke nan amfilifaya ce.

Ya murɗa makunnin ƙara a hankali, muka ji ƙarar-ƙarar a gefe guda. Datti ne ya taru a ciki. Sai a lokacin ya cire ta daga wuta ya buɗe, ya fesa maganin wanke mahaɗar lantarki, ya yi ta murɗawa gaba da baya. Sauti ya daidaita. Duk da haka ya ɗora mita a kan kowace sipika: an rubuta om 8 a jikinsu (om ma'aunin turjiyar lantarki ne), mita ta nuna wajen 6 a duka biyun, ya ce haka ya kamata. Ya kara kunnensa a ƙaramar sipikar da ke sama mai fitar da siririn sauti, don idan ta ƙone sai a ga kamar ƙara ce ta ragu. Ya kuma ja kunnena kada in cusa ɗaya a lungu in bar ɗaya a fili, domin bango na ƙara wa ta lungun nauyin bas, wato kakkauran sauti.

Mu fa a gida hannu muke da shi, wannan ba gardama, kuma ina kewar mai gyaran da za ka zauna a gefensa kuna hira har ya gama. Amma gaskiya ɗaya ce, gaggawa ta yi mana yawa. Sipika ta yi ƙasa, sai a ɗaka mata duka, a ƙure ƙara har ta ƙone. A fere waya da haƙori, a bar silin tagulla na taɓa ɗan uwansa, amfilifaya ta tafi. A haɗa mai om 4 da mai om 8 a ce ai duk sipika ce. Mai gyara kuma ya canza kaya uku bisa zato, kai ka biya, alhali musanya waya biyu zai nuna masa inda ciwon yake kafin ya kwance ko da sukuru ɗaya.