Manhajar ƙamus da ta san bam, ba ta san lugude ba

Wata uku ke nan ina amfani da wata manhajar ƙamus mai harsuna da yawa, saboda aikina na fassarar labarai. Ranar da na so gwada ta, kalmar Faransanci bombardement, wato ɓarin wuta a kan gari lokacin yaƙi, na sa mata.

Wajen tono asali kam ba ta wasa. Ta nuna mini kalmar ta fito daga bombarde, tsohuwar igwa mai harba duwatsu, tushenta kuma bombos na Girkanci, wato rugugi. Ashe Turkawa ma aro suka yi, suna cewa bombardıman. A Larabci ta ba ni ƙasf, wadda har tsawa mai ƙarfi ake siffantawa da ita. Jamusawa kuwa Trommelfeuer suka kira ɓarin wutar igwa a yaƙin duniya na farko, wutar ganga ke nan, don ba ta tsagaitawa.

Da aka zo Hausa sai ta ce "jefa bam" kawai. Haba! Ina luguden wuta? Duk wanda ya ga mata biyu a kan turmi ɗaya, taɓarya na tashi wata na sauka, ya san abin da garin da aka yi wa luguden wuta ya sha. Ga tallace-tallace kamar me. Tauraro uku na ba ta.