Yaron Banex da ya gyara mana tsaron wayoyin ofis

Jama'a bari in ɗan faɗi yadda ta kaya tsakaninmu da wani yaro mai harkar netwok, don na san akwai masu ƙananan ofisoshi a Abuja da ke cikin irin halinmu. Mu tikiti da bizar Umara muke yi a Wuse 2, wayoyin tebur shida ne duk na kamfanin Yealink masu kira ta intanet, kuma a kan wayfai suke saboda mai ginin ya ce ba za a huda masa bango ba. Fasuwod ɗin kuwa lambar wayar oga ce, mai gadi ya sani, mai kawo shayi ya sani, har yaron shagon ƙasa da datarmu yake kallon ƙwallo, alhali kullum kwastomomi lambar fasfo suke karanto mana ta waɗannan wayoyin.

Abokina ne ya haɗa mu a Banex, kasuwar wayoyi da kwamfuta. Yaron ya ce zai zo ƙarfe goma, sai bayan azahar ya iso, wannan kam na riƙe masa. Amma da ya zauna sai na ga ya san hannunsa. Rauta, na'urar da ke ba da wayfai, ya fara shiga, ya tarar har yanzu akwai TKIP, tsohon tsarin kulle wayfai, ya mayar WPA2 da AES zalla, tsarin da ya fi ƙarfi, ya kashe WPS, hanyar haɗa na'ura da wayfai ba tare da rubuta fasuwod ba. Na ce Injiniya ba WPA3 ake yayi ba? Ya ce e Alhaji tun 2018 ta fito amma wayoyinku tsofaffi ne ba za su hau ba, WPA2 ɗin ma da ke nan tun 2004 ta isa in dai fasuwod ya yi tsawo, yana ɗaukar harafi 8 har 63. Ya buɗe wa wayoyin layin wayfai nasu daban, baƙi nasu daban. Abin da ya ba ni kunya shi ne shafin saitin kowace waya admin/admin ne yadda aka fito da ita daga kwali, shekara nawa ba wanda ya taɓa canzawa.

Inda ya ci kuɗinsa a wajena shi ne bayanin da ya yi cewa kulle wayfai daban, kulle muryar kira daban. Wai WPA2 daga waya zuwa rauta kawai take karewa, da murya ta wuce nan ta shiga intanet to a buɗe take tafiya sai an kunna SRTP mai kulle muryar, shi kuma TLS ya rufe saƙon da ke haɗa kiran. Ni wallahi da na ɗauka fasuwod shi kenan. Kuma dole kamfanin da ke ba mu layin kira ya yarda da tsarin, ya kira su a gabana suka buɗe mana, da ba haka ba ko ringin wayar ba za ta yi ba.

Oga ya so a yi irin na manyan kamfanoni wanda kowa ke da sunansa da fasuwod ɗinsa, yaron ya ce sai an ajiye sabar RADIUS, kwamfutar da ke tantance sunan kowa da fasuwod ɗinsa, waya shida ba ta kai wannan kashe kuɗin ba. Wani da tuni ya rubuta mana lissafi.

Laifinsa na biyu bai bar mana komai a rubuce ba, washegari wayar risefshon ta yanke muka rasa ta inda za mu fara. Ashe ɗan abin wayfai ɗinta WF40 ne, wayfai mai zangon 2.4GHz kaɗai yake kamawa, yaron kuma ya saka layin wayoyin a kan zangon 5GHz, sauran masu WF50 ne da ke kama duka biyun shi ya sa ba su ji komai ba. Ta WhatsApp ya nuna min yadda zan gyara, bai ƙara karɓar ko sisi ba. In za ku kira shi ku ce ya rubuta muku saitin a takarda kafin ku sallame shi, kuma in kuna son sa da azahar to ku ce masa ƙarfe tara.