Ledojin adana littattafan zane: suna aiki, amma ba don namu aka yanka su ba

Duk mai tara tsofaffin littattafan zane, wato masu ba da labari da zanen hotuna (comics), a Katsina ya san cewa adana su ya fi samun su wuya. Hunturu ya shigo da ƙura ta kowace kafa, bazara ta busar da takarda har gefenta ya riƙa ɓarewa, damina kuma ta sa wayar da ta riƙe tsakiyar littafi ta yi tsatsa, tsatsar ta ci takardar. Shi ya sa na yi odar ledoji da kwalayen da ake yi musamman don wannan aiki, daga wurin wani mai sayarwa a Legas, aka sako mini su a mota na karɓa a tasha. Sun ga hunturu, sun ga damina a ɗakina, don haka yanzu ina da abin faɗa a kansu.

Ƙunshi ɗaya leda ɗari ne, kwalin ma ɗari. Ledar garau take, ana karanta bangon littafi ba sai an ciro shi ba. Kwalin fari ne, fuska ɗaya mai sheƙi, kuma a kan wannan fuskar ake kwantar da littafin. Abin da ya bambanta shi da kwalin taliya da mutum zai iya yankawa a gida shi ne ba shi da asid. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Galibin waɗannan littattafai da takardar jarida aka buga su, wadda ake yi da niƙaƙƙen itace, kuma akwai wani sinadari a cikinta mai suna lignin da ke sa ta yi ja ta yi rauni idan ta sha haske da zafi. Kwalin kasuwa ma irin ciwon ke gare shi, in ka jingina littafi a kansa ƙara masa kake yi.

A kan na Amurka, irin su Spider-Man da Superman da na riƙa tsinta a wurin 'yan gwanjon littattafai, ban da ƙorafi ko kaɗan. Sun shiga cif-cif, bayansu ya miƙe, kusurwoyin sun daina lanƙwashewa, kuma da na duba bayan hunturu ban ga ƙura a ciki ba.

Matsalar tana kan waɗanda na fi ƙauna. An yanka ledar ne daidai da girman littafin Amurka, kusan santimita 17 a faɗi da 26 a tsawo, mai sayarwar kuwa bai rubuta awon a tallarsa ba. Ina da 'yan kwafin African Film da na gada daga kawuna, mujallar nan ta kamfanin Drum da ta yi tashe daga 1968 zuwa 1972, wadda ake ba da labarin Lance Spearman da hotuna na gaske maimakon zane. Ko ɗaya bai shiga ba. Haka nawa kwafin Ikebe Super, wadda Wale Adenuga ya fara a 1976, inda Papa Ajasco ya fito tun kafin ya hau talabijin. Tintin, littafin zanen nan na ƙasar Belgium mai bangon kwali, kuwa ba a ma maganarsa. Sai da na sake odar babbar leda, ta girman mujalla, na sake biyan kuɗin mota. Kuma wallahi kada wanda ya ce zai tura littafi da ƙarfi cikin ƙaramar leda, takardar da ta haura shekara hamsin ba ta jure wannan.

Akwai kuma batun gam. Wasu ledojin a jikin murfin gam ɗin yake, in kana zaro littafi yana iya kama bango ya ɗauke launi. Waɗanda gam ɗinsu ke bayan ledar sun fi aminci, su za ka nema.

Leda ba ta hana gara, wannan a sani. Ni a akwatin ƙarfe nake jera su a tsaye, akwatin a kan bulo, nesa da bango, tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kuma a lokacin hunturu ya fi kyau a rufe su, sa'ad da iska ta bushe. Wanda ya rufe a watan Agusta ya kulle danshi ne tare da littafinsa. Masu shagon hoto da kwafi sukan ce a kawo su manne shafukan da roba a inji kamar takardar shaidar makaranta. Kada ka yarda. Zafi da gam ne, ba a ɓare su, kuma littafin ya tashi daga aiki ke nan. Salatif ma haka, tabonsa ba ya fita.

Da tsada, musamman in an haɗa da kuɗin kawowa. A 2024 an sayar da kwafin Action Comics na farko, na 1938, wanda Superman ya fara fitowa a cikinsa, a kan dala miliyan 6 a Amurka, kuma na san nawa ba za su taɓa kusantar haka ba. Amma nasu akwai masu ƙirga su, akwai masu gadinsu. Namu mafi yawa a hannun mai ƙosai da mai tsire suka ƙare, waɗanda suka rage kaɗan ne, kuma samun wani kwafin in wannan ya lalace abu ne mai wuya ƙwarai.

Zan sake saye. In kai ma za ka yi oda, ka ɗauko rula ka auna littattafanka tukuna, ka sa mai sayarwa ya turo maka awon ledar a rubuce, kuma in na gida ne suka fi yawa a wurinka, ka fara da ta girman mujalla.