Katifar 'yar tirelar kwana: yankakken soso ya fi ta kanti

Wanda ya sa mai walda ya ƙera masa 'yar tirelar kwana, irin akwatin nan mai taya biyu da ake ɗaura wa mota a baya a ja zuwa gona, ko kasuwar Mai'adua, ko Daura lokacin Sallar Gani idan masauki ya yi wuya, yakan bar maganar katifa sai ƙarshe. Sai an gama fenti, an sa taga da fanka, sannan a nufi kanti a ɗauko mai ƙafa shida da huɗu. A zo da ita, ta ƙi shiga.

Laifin ba na katifar ba ne. Yawancin irin wannan tirela a kan fallen filawud guda ake kafa ta, mai faɗin inci 48 da tsawon inci 96. Bango biyu za su zauna a kan daɓen, kowanne ya ci nasa rabon, abin da zai rage a ciki bai wuce inci 45 zuwa 46 ba. Ita kuwa katifa mai ƙafa huɗu inci 48 ce cif. Idan aka tura ta da ƙarfi sai ta yi doro a tsakiya, gefenta ya hau bango. Idan aka koma mai ƙafa uku da rabi, wato inci 42, sai a bar rami a gefe inda waya da makulli da carbi za su riƙa faɗawa, kuma duk gargadar da aka shiga katifar ta zame. A kuma lura, abin da 'yan kanti ke kira ƙafa shida yawanci inci 75 ne, ba 72 ba. Wanda ya kafa durowa a wajen ƙafafu bisa lissafin 72 ya sha mamaki.

Katifun kamfani irin na Vitafoam da Mouka ba abin kushewa ba ne, Mouka ma a Kano ta samo asali tun 1959. Amma don ɗaki da gado aka yi su. Yanka su kuma asara biyu ce: an ɓata rigar da aka biya kuɗinta, garantin ma ya tafi. Abin da ya fi dacewa da tirela shi ne a sayi soso tsirara mai nauyi, a kai wa masu aikin kushin su yanka daidai da awon ciki, tela ya ɗinka masa riga.

Kauri shi ne wurin da mutane suka fi ruɗin kansu, don an saba ganin katifa mai inci goma ita ce ta manya. A tirela rufin ne ke yanke hukunci. Babban mutum yana bukatar kamar inci 36 zuwa 38 daga saman katifa zuwa rufi kafin ya zauna ba tare da ya duƙa ba. Bangon da aka yi da faɗin filawud, bayan an cire kaurin rufi da sandunansa, yakan bar wajen inci 44. Cire inci ɗaya na katakon da za a shimfiɗa a ƙasa, cire huɗu na soso, saura 39: a zauna a sa riga, a sha shayi. Sa mai inci takwas, saura 35, kullum asuba kai ya gaisa da rufi. Inci huɗu ya ishi mai matsakaicin jiki muddin soson na ƙwarai ne. Mai jiki sosai, ko mai kwanciya a gefe ɗaya, ya nemi biyar.

To ta yaya ake gane na ƙwarai? Ba da dannawa da yatsa ba. Tauri daban, nauyi daban. Akwai soso mai tauri a kanti wanda wata uku kawai zai yi ya lotsa. Abin da masu sana'ar ke kira densiti shi ne kilo nawa mita ɗaya ta kowace fuska ke yi, kuma sikeli ne ke tona shi. Soso mai inci 75 da 46 da kauri 4, idan densitinsa 18 ne, kilo huɗu da 'yan kai zai yi. Idan 30 ne, zai kusa kilo bakwai. A nemi aron sikeli a ɗora, magana ta ƙare. Mai sayarwa zai ce “Alhaji ai wannan mai ƙarfi ne”, kuma launinsa zai nuna maka, shuɗi ko ruwan hoda. Launi rini ne kawai. Sai dai sikelin ma ana yi masa wayo, don akwai soson da ake cuɗa wa garin alli ya ƙara nauyi. Shi kuma a kama kusurwarsa a ja: na kirki yana miƙewa ya koma, mai alli yana yagewa da wuri, ya bar gari a yatsa. Gwaji na ƙarshe, a shimfiɗa shi a kan siminti a kwanta a gefe minti biyar. Idan ƙugu ya ji ƙasa, a mayar masa da abinsa.

Katifar masu ciwon baya, wadda ake yi da gutsattsarin soso da aka matse da gam, ba ta lotsawa da wuri, amma awon da muka ambata zai kai kilo ashirin ko kusa da haka, ga taurin tsiya idan ba a ɗora mata laushi a sama ba. Wanda ya fi son ta ya haɗa inci uku nata da inci ɗaya na soso mai laushi. Soson nan mai ɗaukar siffar jiki kuwa, da ake yayinsa yanzu, bai dace da yanayinmu ba: a bazara, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, yana saki ya rungume mutum ya riƙe zufa, da asubar hunturu kuma ya sandare. Mai sifirin ba ta yankuwa, ba ta naɗuwa, a bar ta a ɗaki. Katifar rimi tana da sanyi da rashin nauyi, ta auduga ma haka take da daɗin kwana, sai dai girgizar hanya tana tara su gefe guda su yi ƙulli-ƙulli, audugar kuma tana shan laima.

Wajen masu kushin, a je da awo a rubuce, kuma a auna faɗin wuri uku: kai, tsakiya, ƙafa. Aikin hannu ba ya rasa karkata, sai a ɗauki mafi ƙanƙanta a rage rabin inci don zanen gado ya samu wurin cusawa. Idan tudun taya ya shigo ciki, kada a tsaya kwatance da baki. A yanka kwali daidai da daɓen a kai musu su ɗora su zana. A tsaya a ga sun ja layi sama da ƙasa kafin su sa wuƙa, don soso mai kauri yana kauce wa wuƙa, a ga sama daidai, ƙasa ya shige da inci guda. Wuƙar ta zama doguwa mai kaifi, a ja ta a hankali ba tare da danne soson ba.

A raba shi uku, kowane inci 25, kada a raba biyu. Rabi biyu yana kawo mahaɗar daidai ƙarƙashin ƙugu, inda nauyin mutum ya taru, dare ɗaya za ta buɗe. Gida uku kuwa ƙugu yana sauka a tsakiyar na biyu, da rana a jingina ɗaya da bango ya zama kujera, kuma ana iya ɗaga guda a buɗe ma'ajiyar ƙasa ba sai an fitar da komai ba. Idan za a manna soso biyu, gam ɗin ya zama shafa kaɗan a fuska biyu, a bari ya sha iska kafin a haɗa. Wanda aka malala yana bushewa ya zama ɓawo mai tauri da baya zai ji.

Abin da ya fi kashe katifar tirela daga ƙasa yake fitowa. Jikin mai barci yana fitar da gumi, ya ratsa soso, ya tarar da daɓe mai sanyi ya zama raɓa. A watan Agusta, mako biyu sun isa a ɗaga katifa a ga baƙin fumfuna a filawud, ga wari. Maganinsa iska: a jera siraran katako masu faɗin inci uku, tsakaninsu inci biyu, katifar ta hau kansu. Wanda rufinsa ya yi ƙasa sosai ya shimfiɗa asabari, ya fi babu. Leda ko tampol a ƙarƙashi ba sa hana komai, tara ruwan suke yi. Bayan kowace tafiya a jingine gidajen uku a inuwa mai iska. Rana kai tsaye tana sa soso tsirara ya yi ja ya fara marmashewa.

Rigar ta zama yadin auduga mai kauri irin kaki, da zif dogo da ya zagaye gefe biyu, in ba haka ba cire ta wanki sai an yi kokawa. A wanke yadin kafin a kai wa tela, don yana tsukewa. Ledar kujerar mota tana da sauƙin gogewa idan ƙurar hunturu ta shiga, amma kwana a kanta a watan Afrilu azaba ce. Tsohon soso na gwanjo kuma, kome arharsa, yana iya zuwa da kuɗin cizo, su kuwa in suka samu tsagar katako sun samu gida.

Soso yana kama wuta kamar an zuba masa kananzir, hayaƙinsa kuma guba ne a akwatin da bai wuce ƙafa huɗu da takwas ba. Tukunyar gas da risho su zauna a waje, maganin sauro na kunnawa ma haka. Raga a taga ta wadatar. Duk ranar da za a mayar da tirelar wurin mai walda, ko da ɗan ɗigo ɗaya zai yi a ƙofa, a fitar da katifar tukuna.