Kana motsa jiki amma gajiya ta ƙi sakin ka: me ya kamata ka saya, me ya kamata ka bari

Ni mazaunin Agege ne, shekarata 11 kenan a Legas, kuma tun bara na ɗauki gudu da gaske, sau uku a sati bayan sallar asuba, ran Lahadi kuma mu buga ƙwallo da samarin unguwa. Kowa cewa yake in kana motsa jiki za ka riƙa jin ka garau, to ni kam ba haka na gani ba. Ƙarfe 11 na safe ina zaune a shago ido na rufewa, kwastoma na magana ina jin sa kamar daga nesa, in la'asar ta yi kuwa ƙafafun nan kamar an ɗaura musu buhun siminti. Wata huɗu na yi a haka, kuma wallahi a wata huɗun nan kuɗin da na zubar a kemis da wajen masu lemo ya isa cefanen gida na sati da sati. Shi ya sa nake son ɗan uwa da ke cikin wannan hali ya san me kowane abu yake yi kafin ya zaro kuɗinsa.

Abin da kowa ke fara miƙa wa hannu shi ne lemon ƙara kuzari, su Fearless, Predator, Power Horse, Red Bull, ga su nan a cikin goslo yara na bin danfo da su da sanyinsu. Abu biyu ne ke aiki a ciki, kafeyin da suga. Gwangwanin Red Bull mai 250ml yana da kafeyin 80mg da suga wajen giram 27, kusan ƙaramin cokali bakwai kenan, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kar sugan da babba ke sha a yini ya wuce kamar giram 50, in ma da hali ya tsaya a 25. Manyan robobin nan kuwa ka juya bayansu ka karanta da kanka. Kafeyin ba ya ba ka ƙarfi, rufe maka jin gajiyar yake yi na ɗan lokaci, kuma bayan kamar awa biyar rabinsa na nan a jikinka, wato wanda ka sha ƙarfe biyar na yamma a hanyar Oshodi yana nan tare da kai a kan katifa. Ka kwanta barcin bai yi nauyi ba, ka tashi ƙarfe huɗu a gajiye, ka sake sayen wani. Ni haka na yi ta zagaye. Babba mai lafiya an ce kar ya haura 400mg a yini, kuma ka tuna goro da kofi da shayi duk suna cikin lissafin nan. Mai hawan jini ko mai jin bugun zuciya, wannan ba nasa ba ne sam. In tuƙin dare ya kama ka sau ɗaya ba laifi, amma a ce shi ne maganin gajiyar kullum, a'a.

Sai malta da madarar gwangwani, wanda ake cewa yana ƙara jini. Na sha, da daɗi, yana cika ciki, amma madara ba ta da ayon na kirki, wato sinadarin ƙarfen da jiki ke yin jini da shi, kalsiyam ɗin da ke cikinta ma rage wa jiki tsotse ayon yake yi, ita kuma malta yawancinta suga ce. Ka sha don marmari.

Inda nake son mu daɗe shi ne maganin ƙarin jini, don nan ne mutane suka fi kashe kuɗi a makance. Na shiga wani kemis na ce gajiya ke damuna, yaron shagon ko kallon idona bai yi ba ya sauko min da kwalbar tonik mai tsada ya ce “Alhaji jini ne, sha wannan.” Na shanye kwalba biyu babu abin da ya canja. Da Yayana ya matsa min na je asibiti aka ɗebi jini, sai ga shi jinina lafiya lau. Amma maman yara da na tafi da ita, wadda take tsalle da igiya a tsakar gida kullum don rage teɓa tana kukan jiri da haki in ta hau bene, ita ce aka samu nata ya yi ƙasa, himoglobin ɗinta, wato sinadarin jini da ake aunawa a gane ko jini ya yi ƙasa, 10 da ɗoriya. Ma'aunin da ake bi shi ne namiji in ya gaza 13 jininsa ya yi ƙasa, mace 12, mai ciki 11. Kuma dama mata sun fi buƙatar ayon saboda al'ada, kamar 18mg a yini, mai ciki 27mg, namiji kuwa 8mg ya ishe shi.

To in an tabbatar ayon ne ya yi ƙasa, me za ka saya, ƙwaya ko na ruwa? Abin dubawa a jikin kwali shi ne yawan ainihin ayon da ke ciki, ba girman kwalba ko kyan hoto ba. Ƙwayar ferrous sulphate mai 200mg, jar ƙwayar nan mai arha da ake ba mata a wajen awo, tana ɗauke da ayon 65mg. Ferrous gluconate mai 300mg tana da kamar 35mg, ta fi sauƙi a ciki ga wasu. Su tonik na ruwa irin Astyfer da Ranferon da Orheptal kowanne da nasa haɗin, wani ayon ɗinsa da yawa wani kaɗan ne sai bitamin, amfaninsu ga wanda haɗiyar ƙwaya ke ba wahala, amma kuɗinsu ya ninka na ƙwayar nesa ba kusa ba kuma kwalba ba ta daɗewa, ga shi maganin nan ba na sati ɗaya ba ne, likita ya ce wa maman yara ko jinin ya dawo daidai ta ci gaba har kamar wata uku don ma'ajiyar jiki ta cika. Ƙwayar takan sa bayan gida ya yi baƙi, wani ta sa masa taurin ciki ko tashin zuciya, wannan sananne ne. Kar a sha ta da shayi, a ba da tazarar awa ɗaya ko biyu, don shayi yana hana ayon shiga jiki, lemon zaƙi ko gwaiba kuwa taimaka masa suke. Kuma don Allah a ɓoye ta inda hannun yara ba ya kaiwa, kamar alawa take a idonsu kuma in yaro ya haɗiye da yawa tana iya kisa.

Dalilin da ya sa nake ta nanata gwaji, ba kowane ƙarancin jini ne na ayon ba. Maleriya na cin jini, tsutsar ciki na ci, olsa da basir mai zubar da jini suna ci, kuma namiji baligi in aka ce ayon ɗinsa ya yi ƙasa dole a nemi ta inda jinin ke zurarewa, ba a tsaya a kwalba ba. Ga kuma sikila, wadda babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita, mai sikila bai kamata ya sha ayon da ka ba musamman in ana yi masa ƙarin jini, don taruwa yake yi a jiki ya yi ɓarna. Abin da za ka nema a yi maka ba shi da yawa: cikakken gwajin jini ko aƙalla PCV, wato awon yawan jini, gwajin maleriya, gwajin suga da safe kafin ka ci komai, in ya kai 126 ko sama to sai an sake dubawa don alamar ciwon suga ce, a auna hawan jini, in da hali a ƙara feritin wanda shi ke nuna ajiyar ayon, da gwajin tayirod, wato ƙullin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, in likita ya ga dacewarsa. Muna da asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, Janar na Orile-Agege da na Gbagada, ga ƙananan asibitocin gwamnati a unguwanni, ga leburori masu rajista. Asibitin gwamnati ya fi sauƙin kuɗi amma ka shirya bin layi, leb mai zaman kansa ya fi sauri amma ka kai wa likita takardar ya fassara maka. A duk abin da na saya, gwajin nan ne kaɗai ban yi da-na-sanin kuɗinsa ba. In kuwa gajiyar ta haɗu da ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko rama ba dalili, ko yawan fitsari da ƙishirwa, ko tarin da ya haura sati biyu da gumin dare, ajiye takalmin gudun ka tafi asibiti yau, gwajin tarin fuka da maganinsa ma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Maltibitamin da bi-kompiles, in abincinka bai taka kara ya karya ba ƙwaya ɗaya mai sauƙin kuɗi ba za ta cutar ba, amma in ba ka rasa komai a jiki ba to babu wani kuzari da za ta ƙaro. Fitsarin da ke komawa ɗorawa shar bitamin B2 ne jiki ke zubarwa, ba alamar magani ya kama ba ce. Wanda ya daɗe yana shan metformin, maganin ciwon suga, ko tsoho, shi kam ya dace a duba masa B12. Ko wanne za ka saya ka ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wajen kankarewa ka kankare ka tura lambar, kuma ka guji wanda aka shanya a tire rana na dukansa.

Samarin jim kuma hankalinsu na kan garin furotin na gwangwani. Bari mu yi lissafi. Mai motsa jiki sosai yana buƙatar kamar giram 1.2 zuwa 2 na furotin a kowane kilo na nauyinsa, mai kilo 70 kenan yana neman daga giram 84 zuwa sama. Ludayi ɗaya na garin nan giram 20 zuwa 25 ne, ƙwai ɗaya giram 6, wato ludayi ɗaya ƙwai huɗu kenan, gwangwani mai ludayi 30 kuma kiret huɗu. Je ka tambayi farashin biyun ka gani da idonka, tunda shi garin da dala ake shigo da shi. Ga wake, ga awara, ga ƙuli-ƙuli, ga kifin titus, ga kindirmo, ga tsire da kilishi da mu muke sayar wa mutanen gari. Garin yana da sauƙin haɗawa ga wanda ba shi da lokaci, iyakarsa kenan, kuma gina tsoka yake taimakawa, ba barcin ƙarfe 11 yake korewa ba.

Tiramol da haɗe-haɗen kwalba da ake tallansu a tasha da sunan maganin ƙarfi, ina roƙon 'yan uwana masu dako a Mile 12 da masu tura ruwa da masu acaɓa ku nisance su. Na ga yaron kirki ɗan garinmu ya faɗi yana farfaɗiya a bakin kasuwa saboda tiramol, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

To ni me ya same ni tunda jinina lafiya? Likitar ta ce “Malam, faɗa min abin da ka ci jiya tun daga safe.” Na fara lissafi, na yi gudu da cikina wayam, na tsaya wajen mai shayi na sha shayi mai suga cokali huɗu da biredin Agege, ban sake cin komai ba sai lemon kuzari da biskit da azahar, da daddare na ƙi tuwo wai ina rage tumbi na ci indomi ɗaya, na kwanta sha biyu saura na tashi huɗu da rabi. Ta ce to ai ga ciwon nan. Tsoka tana ajiye makamashinta ne daga abinci irin su tuwo da shinkafa da dankali da doya, gudu yana ƙone ajiyar, in ba ka mayar ba gobe da ragowar jiya za ka fita. Ga barcin da bai kai awa biyar ba alhali babba na buƙatar bakwai ko fi, ga gumin Legas da kake yi ko a tsaye kake saboda damshin iska.

Yanzu kuɗin da nake ba kemis kasuwa nake kai shi. Kafin in fita gudu dabino uku ko ayaba ɗaya da ledar piya wata, in na dawo koko da ƙosai ko ƙwai biyu da dankalin Hausa, shayin kuma na mayar da shi can hantsi da suga cokali ɗaya. Da rana shinkafa da wake ko fura da nono wadda ba a cika mata suga ba, da dare tuwo madaidaici da miyar zogale ko alayyafo ko ugu. Sau ɗaya a sati in na bi ta mayankar Oko-Oba in sayo hanta, tana da ayon da B12 sosai, sai dai mai ciki ta yi hankali da ita saboda yawan bitamin A. Ganye da wake ayon ɗinsu ba ya shiga jiki kamar na nama, shi ya sa muke matsa lemon tsami a kwaɗon zogale ko mu bi shi da lemon zaƙi. Ran da aka buga ƙwallo cikin rana aka jiƙe sharkaf nakan haɗa ORS, garin gishiri da sugan nan na kemis, leda ɗaya a ruwa lita ɗaya, ya fi duk wani lemon kwalba arha, sauran ranaku ruwa zalla ya isa. Ranar Litinin da Alhamis in ina azumi ba na gudu da safe, tattaki nake yi bayan na sha ruwa.

Na kuma rage gudun zuwa sau biyu na tsawon wata guda, na daina taɓa waya bayan ƙarfe goma. Sati na uku ne na lura azahar ta yi ban yi gyangyaɗi a shago ba. Ita kuma maman yara an sake auna ta bayan wata biyu jinin ya hau 12, ta koma tsallen igiyarta, ƙwayar tana nan a saman wadirob tana sha da lemon zaƙi, saura mata wata ɗaya da 'yan kwanaki.