Ɗinki a hagu, gam a dama: cire haƙorin turmi na ƙarshe a Sakkwato

Shekara 11 ina sana'ar ɗinki a Mabera, shi ya sa da likitan haƙori ya ce zai rufe min rauni ba allura ba zare, sai da na sake tambayarsa. Turamena biyu na ƙasa, na can ƙurya masu fitowa tsakanin shekara 17 da 25, a karkace suka taho suna tokarar na gabansu. A wani asibiti mai zaman kansa nan cikin gari aka cire min su, wata biyu tsakani.

Da na hagu aka fara. Kwance yake cikin ƙashi, sai da aka tsaga dasashi aka raba haƙorin biyu, sannan aka yi ɗinki uku da baƙin zaren siliki. Ɗinkin ya riƙe, ban ga laifin hannunsa ba. Zama da shi ne wahala. Harshena kullum yana kan ƙullin, in na sha fura tsakin gero ya maƙale a wurin, ga buroshi ba ya kusantarsa. Zuwa kwana na huɗu ni kaina ina jin warin bakina. Ran na bakwai na rufe shago na koma aka kwance zaren.

Na dama bai yi zurfi haka ba. Likita ya tsane jinin da auduga, ya haɗa leɓen raunin, ya ɗiga wani ruwa mai shuɗi-shuɗi. Siyanoakirilet sunansa, dangin Super Glue ne, amma wanda aka tace don jikin mutum; na kasuwa kada kowa ya kai shi baki. Da ya taɓa danshi yake daskarewa, kafin minti ɗaya ya zama ɓawo mai kaushi. Jini ya tsaya da wuri, matashina bai ɓaci da dare ba. Cikin mako ya ɓanɓare da kansa kaɗan-kaɗan.

Kumburi kam duka biyun na yi, ya fi tsanani kwana na biyu da na uku, gam bai rage min shi ba. Dokar ma ɗaya ce: ban da tsotsa, ban da tofar da yawu da ƙarfi, sai kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi da gishiri bayan awa 24.

Na ce, "Likita, me ya hana a sa min shi a hagu?" Ya ce, "Hajiya, wancan raunin yana ja, gam ba ya riƙe inda nama ke ja." Na gamsu, don ko yadi in yana ja zare yake so.

Abin da ya ɓata min rai, ba a faɗa min gam ya fi zare tsada ba sai a wurin biya. In za ku je, ku tambayi kuɗinsa kafin allurar kashe zafi, don in leɓe ya yi nauyi magana ba ta fita daidai.